Ku Tambaya, Mu Amsa: Rauta, Zarto da Allon Hawan Igiyar Ruwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka taɓa zancen allon hawan igiyar ruwa a fitowar baya, wato allon nan da ake tsayawa a kai igiyar teku ta kwashi mutum har bakin gaɓa, saƙonni suke ta shigowa kuma kusan duk a kan ƙera shi ne ba hawansa ba. To na tsinto guda biyar, sauran ku yi min haƙuri filin ne ba yawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni kafinta ne, na kai shekara goma sha ina aikin kujeru da kabad kuma ina da rauta babba. Na fara koyon ƙera allon nan, na ga wasu da zarto suke yanke siffarsa wasu kuma da rauta, to ni da nake da injin a hannu me zai sa in tsaya wahalar zarto? Don Allah a min bayanin yadda ake yi.

AMSA: Yawwa maigida, sannu da ƙoƙari. Bari in fara cire wa wasu ruɗani, rautar da yake nufi ba ta intanet ba ce, injin kafintoci ne mai haƙori guda ɗaya a ƙasa da yake juyawa da mugun gudu, sau dubu ashirin ko fiye a minti ɗaya, da shi ake fitar da gefen tebur da ƙofa.

Eh ana yanke siffar allo da ita kuma in an iya yankan yana fita tas, gefen ya miƙe tsaye cak babu karkata, abin da zarto ke ba sabon hannu wahala kenan, don kana bin layin fensir a sama amma bakin zarton a ƙasa ya riga ya shige ciki ko ya fita waje ba ka sani ba sai ka juya allon. Amma ka san halin rauta fiye da ni, ba ta da ido. Abin da ka ɗora mata ta bi shi za ta bi, in fatan ɗinka, wato samfurin siffar da kake ɗorawa tana bi, yana da ɗan ƙusumbi a wani wuri to ƙusumbin nan za ta kwafe maka a jikin allon daidai wa daida, har dama da hagu. Shi ya sa ni a wajena rabin aikin ko fiye yana kan fatan ne, yankan kansa minti kaɗan ne.

Abin da ake yankawa ɗin ba katako ba ne kamar yadda ka saba. Ɗanyen allo ne na soso mai tauri, fari, an riga an zuba shi da kamannin allo amma ya fi girma da kauri, a tsakiyarsa daga hanci har wutsiya akwai siririn katako da aka manne wanda shi ne ƙashin bayansa, su suna ce masa sitiringa. Shi yake ba allon ƙarfi kuma shi ne layin tsakiya da duk awo yake tashi daga kai. Za ka kifa ɗanyen allon cikinsa ya kalli sama, don cikin ya fi shafewa, bayan kuma a ɗan tudu yake. Sai ka sa alamar tsawo a kan sitiringa, sannan faɗi a wuri uku: inda ya fi faɗi, da inci 12 daga hanci, da inci 12 daga wutsiya. Waɗannan ukun su ne lambobin da masu sana'ar ke faɗa wa juna in suna kwatanta allo. Kowane faɗi ka raba shi biyu ka auna daga tsakiya da sikwaya, kar ka yarda ka auna daga gefen soson, gefen nan ba daidai yake ba tun daga masana'anta.

Fatan kuma, irin dai na teloli ne sai dai shi da siririn katako ake yi, habod ko filawud. Wanda ake zana layi da fensir kawai ko mai kaurin inci ɗaya bisa takwas ya isa. Na rauta fa sai ya ɗan fi haka, kamar kwatan inci, saboda boris ɗin da ke jikin haƙorin, ɗan zoben nan mai juyawa, a gefen fatan zai dinga gudu, in ya yi siriri da yawa boris ya zame ya faɗa ƙasa shikenan haƙori ya ci fatan ya ci allo a lokaci guda. Kuma kar ya yi kaurin da zai ƙi lanƙwasawa, don allon ba a miƙe yake kamar tebur ba, hancinsa da wutsiyarsa a ɗage suke, dole fatan ya kwanta luf ya bi wannan lanƙwasar ba tare da rata a ƙarƙashi ba. Yawanci rabi ake yi, ɓangare ɗaya daga hanci zuwa wutsiya, in ka gama dama sai ka juya shi ka yi hagu, ka ga dole ɓangarorin biyu su zo iri ɗaya. Ka kafe shi da ƙananan ƙusoshi ko sukuru a jikin sitiringa ba a soso ba, soso ba ya riƙe komai, ka ƙara ɗora nauyi ko ka matse inda bai kwanta ba.

Sai haƙori. Kaurin ɗanyen allo a tsakiya yana kai inci 3 har ya wuce, don haka haƙorin da kake gyara bakin kabad da shi ba zai ratsa ba, dogo ake nema mai boris a sama, kuma wanda ƙafarsa, wato sandar da ke shiga injin, take da kaurin rabin inci ba kwata ba. Dogon haƙori a kan siririyar ƙafa da irin wannan gudun rawa yake yi, wani lokacin ma ya karye, kuma ba na so in ba ka labarin inda yake tashi in ya karye. In rautarka ana rage mata gudu to ka rage. Kar kuma ka zaro ƙafar waje don ƙarin tsawo, ka bar mafi yawanta a cikin maƙoshin injin, sannan ka cire wuta gaba ɗaya kafin ka taɓa haƙorin, wannan kai ma kana faɗa wa yaranka a shago na sani.

Abin da zai ba ka dariya shi ne zarton da kake gudu sai ka ɗauke shi. Ka fara rage soson da zarto ka bar kamar kwatan inci a wajen layi, rauta ta zo ta share ragowar. In ka tura haƙori cikin soso cikakke ƙura za ta cika ramin, ba ka ganin komai, kuma wani soson zafi yana narka shi ya manne a haƙorin. Tafiya kuma daga hagu zuwa dama in gefen da kake yanka yana gabanka, wato kana tunkarar juyin haƙorin, in ka bi ɗaya hanyar injin ne zai ja ka ba kai za ka ja shi ba. Sai babbar matsalar da katako bai cika nuna maka ba: gindin rautar rabinsa ne kawai yake kan fatan, ɗaya rabin a iska yake, ga soso ba ya turjiya ko kaɗan, in hannunka ya ɗan karkata waje haƙorin nan mai inci 3 zai kwashe gefen allon ta ƙasa kamar an yanki kabewa kuma ba za ka ji komai a hannunka ba. Nauyinka ya zama a ɓangaren ciki kullum. Wasu ma suna ɗaura wa injin faffaɗan gindi don wannan.

Hanci da wutsiya kar ka ratsa su da rauta. A nan sitiringa yake, kana cikin soso mai laushi kwatsam haƙori ya daki katako ta ƙarshensa, ko ya tsage shi ko injin ya yi tsalle. Ka tsaya saura inci biyu ko uku ka ƙarasa da ƙaramin zarto.

To amsar tambayarka dai, in allo ɗaya za ka yi na gwaji ni da zarto zan ce ka yanka ka gyara da sanfefa a jikin dogon katako, don lokacin da za ka ɓata wajen haɗa fatan ɗin rauta ya fi na yankan. In kuma siffa ɗaya za ka dinga maimaitawa sau goma sau ashirin, a nan rauta take biyan kuɗinta.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Na zana fatan ɗina da kaina na yanka, duk awon ya yi daidai da na littafi, amma in na tsaya daga nesa sai in ga layin kamar yana da gwiwa-gwiwa ba ya tafiya sumul. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: Ƙanena ba ka yi laifin komai ba sai na yarda da tef fiye da ido. Ɗigo uku ko biyar da ka auna ba su ne layin ba, layin shi ne abin da ke tsakaninsu, kuma ana iya bin ɗigon nan duka daidai a fito da abu mai kama da ƙosasshen rogo. Abin da ake yi, ka samu doguwar siririyar sanda mai santsi wadda ba ta da gaɓa ko ido, ka kafa ƙusoshi a ɗigoginka ka lanƙwasa ta a jikinsu, ita sandar da kanta ba ta yarda ta yi gwiwa, sai ka bi ta da fensir. In ka ga sandar tana ƙin taɓa wata ƙusa to sau da yawa sandar ce mai gaskiya, matsar da ƙusar. Masu ƙera jirgin ruwa da haka suke fitar da layinsu tun kafin a san kwamfuta.

Wajen gyara kuma kar ka kama sanfefa da tafin hannu kana goge inda ka ga tudu, rami za ka haƙa a gefensa. Ka manna ta a katako mai tsawon kamar ƙafa biyu, ka dinga ja dogon ja daga wannan kai zuwa wancan kana tafiya da ƙafarka, dogon katako tudu kawai yake taɓawa ya tsallake kwari. Bayan kowane ja biyu uku ka ɗaga fatan ɗin ka sa idonka a hancinsa ka leƙa har wutsiya kamar mai duba miƙewar sanda, sannan ka rufe ido ka shafa da yatsa, wallahi yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Ni fatan ɗina na farko sai da na kwana uku a kansa kuma duk da haka da na ɗora shi a kan wani tsohon allo na ga wutsiyar ta fi ƙarfin hancin, na jefar na sake.

Af, wannan ma hanya ce mai sauƙi. In akwai allon da ka hau ka ji daɗinsa, kwantar da shi a kan habod ka zagaye shi da fensir a jikin sikwaya, ka samu mafari. Don koyo ba komai, amma ka kwafi siffar wani mai sana'a ka dinga sayarwa da sunanka wannan kuma ba a so, masu aikin suna jin haushinsa sosai.

Kuma ka dinga tuna lissafin nan, duk abin da ka ci a gefe ɗaya sai ka ci a ɗayan. Ka goge inci ɗaya bisa takwas don gyara kuskure, allonka ya rage kwatan inci a faɗi, ka sake ka sake sai ka ga allo mai inci 22 ya koma 21, kuma a ruwa ana jin bambancin inci guda ƙwarai. Ga mai koyo allo mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8, faɗi inci 21 zuwa 22, kauri kusan inci 3, shi ya fi yafiya, a ƙerawa da a hawa duka.

TAMBAYA: Malam na shiga uku. Na gama fere allona ya yi kyau, na shimfiɗa faiba, ƙyallen zaren gilashin nan da ake lulluɓe allo da shi, na zuba rezin, ruwan danƙon da yake daskarewa ya riƙe shi, kafin minti biyar soson ya fara narkewa yana lotsawa kamar an zuba wa sukari ruwa. Rezin ɗin ne ya lalace?

AMSA: Kayya, sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Rezin ɗinka lafiyarsa ƙalau, aure ne aka ɗaura tsakanin waɗanda ba sa zama tare. Soson allo iri biyu ne manya. Akwai foliyuritan da ake taƙaitawa PU, akwai kuma EPS, shi ne mai ƙananan ƙwallaye irin farin abin nan da ake tare talabijin ko firji da shi a cikin kwali. Rezin ma biyu ne, foliyesta da ifoksi. Foliyesta akwai sinadarin sitayirin a cikinsa, shi ne warin nan mai hawa kai, kuma yana narkar da EPS nan take. Daga bayaninka EPS ka fere ka zuba masa foliyesta. Ifoksi yana zama a kan kowanne, foliyesta kuwa PU kaɗai. Wancan allon ya tafi, sai dai ka ajiye shi kana nuna wa masu zuwa koyo.

Dalilin da ya sa ake yawan wannan ruɗanin yana da ɗan tarihi. Asalin allunan mutanen Hawayi gungumen itace ne ake sassaƙawa, masu nauyin gaske, ko Duke Kahanamoku, shahararren mai hawan igiyar ruwa ɗan Hawayi, da ya je Ostareliya ya nuna wasan a gaɓar Freshwater wajen ƙarshen 1914 da katako ya sassaƙa nasa. A ƙarshen shekarun 1950 ne Hobie Alter da Gordon Clark a Kalifoniya suka gano yadda za a zuba PU ya zama allo, daga baya Clark ya buɗe kamfaninsa Clark Foam wanda ya riƙe kusan duk kasuwar Amurka shekara da shekaru, kowa PU da foliyesta ya sani. Rana ɗaya, 5 ga Disamba 2005, ya rufe kamfanin ba sanarwa, masu ƙera allo suka wayi gari ba kayan aiki, da yawa suka koma EPS da ifoksi. Yanzu duka biyun suna kasuwa gefe da gefe kuma dukkansu farare ne, sabon shiga ba lallai ya bambance ba. Ka duba da kyau, in ka ga ƙwallaye EPS ne. In kana shakka ka ɗiga rezin a guntun da ka yanke ka jira.

In ka koma ifoksi ga wani tarkon. Shi ba a ƙara masa mahaɗi, wato sinadarin da ake gauraya masa ya daskare, don ya yi saurin bushewa, awon da aka rubuta a jikin galan shi za ka bi daidai, da yawansu kashi biyu ne na rezin da ɗaya na mahaɗi amma ka karanta naka, in ka kuskure zai zauna yana danƙo har abada. Foliyesta ne ake wasa da mahaɗinsa kaɗan, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari gwargwadon zafin gari. Faiba kuma ga ƙaramin allo an saba shimfiɗa biyu a sama inda ake takawa, ɗaya a ƙasa, mai nauyin oza 4, dogon allo a sa mai oza 6.

TAMBAYA: Malam ni ba ni nake yi ba, maigidana ne ya mayar da garejinmu wajen wannan aiki, kullum ya fito fari fat kamar an tsoma shi a gari yana tari. Na yi magana ya ce soso ne kawai. Akwai illa?

AMSA: Hajiya kina da gaskiya, ki nuna masa wannan shafin. Ƙurar soso da ta faiba ba abin shaƙa ba ne, kuma rauta da filena, injin feren nan, sun fi komai tayar da ita, ga ta da manne wa jiki da kaya. Wajen fere da guga yana buƙatar takunkumin ƙura na gaske mai kama fuska, da tabarau, da abin toshe kunne. Wajen zuba rezin kuwa takunkumin ƙura ba ya tare komai, sai mai gwangwani biyu da aka yi don tururin sinadari, da safar hannu, da iska tana ratsa ɗakin. Ifoksi ba ya wari sosai shi ya sa mutane ke raina shi, amma yawan taɓa fata yana sa jiki ya ƙi shi, ƙaiƙayi da kumburi, kuma in ya kama mutum ba kasafai yake saki ba. Mahaɗin foliyesta in ya fantsama a ido yana iya makantarwa, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, nesa da wuta. Kayan aikin ya dinga cire su a can kar ya shigo da su ɗaki. Tarin kuma tun da ya daɗe ya je likita ya duba shi.

TAMBAYA: Na ji yanzu inji mai kwamfuta ne yake fere allo gaba ɗaya. To koyon na hannu ba ɓata lokaci ba ne?

AMSA: Gaskiya ne, yawancin allunan manyan kamfanoni a kwamfuta ake zana su injin CNC ya fere, shi ma in ka duba rauta ce babba da aka ɗaura wa hannu. Amma yana fito da allon da layi-layi a jiki kamar gonar da aka yi wa huɗa, mutum ne zai zo ya share, ya gyara sitiringa, ya daidaita gefuna a ɗakin da aka sa fitilu a gefe daidai tsayin allon don inuwa ta tona duk wani tudu da kwari. Kuma wanda bai taɓa ɓata soso da hannunsa ba in ka zaunar da shi gaban kwamfutar bai san lambar da zai sa ba. Ka fere biyar da hannu tukuna, ka hau kowanne ko ka ba wanda ya iya ya hau ya faɗa maka, ka rubuta awon kowanne da fensir a jikin sitiringa kafin ka rufe da faiba kamar yadda masu sana'ar ke yi.

Wanda ya tambayi yadda ake huda gurbin fiffiken da ake kafawa a ƙasan allon, shi ma da rauta ne amma ƙarama kuma da nasa fatan daban, ka ajiye allonka kar ka huda komai sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.